Auren Alebawa da 'Yan Sunni a Turkiyya: Maganganun da Ake Gamawa Kafin a Sha Kofi Mai Gishiri

Shekara biyu muka yi ɗaki ɗaya da ƙawata a Ankara kafin na san Ba'alebiya ce. Tukunyarmu ɗaya, in na tashi sallar asuba takan juya ta ce in sa ta a addu'a, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa furta kalmar ba. Watan Muharram ne ya tona. Na lura kwana uku ba ta taɓa nama ba, kuma ko bayan faɗuwar rana ba ta shan tsurar ruwa, sai shayi ko kindirmon da suke damawa da gishiri. Da na tambaye ta, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Mu Alebawa ne. Mamata ta ce kada in faɗa a makaranta." Shekara huɗu bayan haka ta ce za ta auri wani ɗan Sunni, ɗan Konya, garin da aka sani da riƙon addini a duk ƙasar. Ni na zama 'yar aike tsakanin gidajen biyu har kusan wata takwas, don gidan su yaron sun yarda da ni saboda ina sallah, gidan su yarinyar kuma sun riga sun mai da ni 'ya. Daga baya na ga wasu aure biyu irin wannan, ɗaya ya yiwu, ɗaya ya watse tun kafin baiko. Abin da zan zayyana na wanda ya tsinci kansa a tsakiyar irin wannan lamari ne, ko shi ke neman auren, ko aboki ne da aka jawo.

Da farko ka san da su wa kake magana. Turkawa suna rubuta sunan Alevi, kuma ba su ne Alawiyyawan Siriya ba, ba kuma 'yan Shi'a Ja'afariyya irin na Iran ba, ko da yake duk sun haɗu a son Sayyidina Ali da Imamai goma sha biyu. Ƙidayar ƙasar ba ta tambayar wannan, shi ya sa adadinsu ƙiyasi ne: wasu su ce kashi 10 cikin ɗari, wasu su kai shi 20 ko fiye. Akwai Turkawa a cikinsu, akwai Kurdawa, akwai Zaza. Ibadarsu ta jam'i ita ce jem, ana yin ta galibi daren Juma'a a wani gida da ake kira jemebi, maza da mata wuri ɗaya, a ƙarƙashin jagorancin dede, wato shugabansu na addini, da kiɗan saz, wata molo mai dogon wuya, da juyin da suke kira sema. Yawancinsu ba sa zuwa masallaci, ba sa azumin Ramadan, suna yin na kwana goma sha biyu a Muharram da na kwana uku a Fabrairu don Halliru. Na ce yawanci, domin na san Ba'aleben da ke sallah biyar, na san wanda zai ce maka su ne ainihin Musulunci, na kuma san wanda zai ce tafarkinsu daban yake da Musulunci ɗungurum. Su kansu suna wannan muhawarar a tsakaninsu. Saboda haka mutumin da ke gabanka za ka tambaya abin da ya yi imani da shi. Sunan ƙungiya kaɗai ba zai gaya maka ba.

A faɗa tun da wuri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɓoyewa har sai an shaƙu. Masoya kan ce su bari iyaye su fara sanin halin yaron, in sun so shi sai a faɗa. Ba ya aiki, don a Turkiyya asali ba ya ɓuya. Tambayar farko da kowane dattijo zai yi wa baƙo ita ce, "Ɗan ina ne kai?" In ka ce Istanbul, ya ce a'a, mahaifinka fa? In amsar ta zama Tunjeli, magana ta ƙare, don kusan duk lardin Alebawa ne. In Sibas ce ko Corum ko Tokat ko Erzinjan, sai a bi da wace gunduma, wane ƙauye. Har lambar mota tana magana: 62 Tunjeli, 58 Sibas, 24 Erzinjan. Unguwa ma haka, Gazi a Istanbul ko Tuzlucayir a Ankara, inda iyayen ƙawata suke. Sai sunaye. Gidan da ka ji Haidar da Husaini da Ali Ekber sun jeru, babu Umar babu Usman ko a cikin kakanni, mai lura ya riga ya gane.

Iyaye za su gano, kuma in sun gano da kansu sai laifin ya zama biyu, har a manta da na farko a kama na yaudara. Shawarata: kowanne ya gaya wa gidansu da bakinsa, shi kaɗai, ba tare da masoyin yana zaune ba, domin maganar farko da za ta fito daga bakin uwa a wannan lokaci ba ta jin baƙo ba ce, kuma in ya ji ta ba zai manta ba har abada. A fara da wanda ya fi sauƙin kai a gidan. Wajen ƙawata yayar mahaifinta ce, wajen yaron kuma ƙanin mahaifiyarsa da ya yi aiki shekaru a Jamus tare da Alebawa.

In kai ne ɗan Sunnin kuma ingancin auren a shari'a yana damunka, ka je wa malamin da ka amince da shi tun yanzu, da bayanin abin da yarinyar ko yaron ya yi imani da shi a zahiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga wanda ya bari sai bayan an sa zobe sannan ya fara neman fatawa, ya bar 'yar mutane da kunya.

Tsoron kowane gida daban yake

Nan ne 'yan aike suka fi faɗuwa, ni ma na faɗi da farko. Na ɗauka ƙin da gidajen biyu ke yi iri ɗaya ne, kowa na ƙyamar kowa, sai a yi ta ba su haƙuri da magana guda. Ashe kowane gida da abin da ke hana shi barci.

Gidan 'yan Sunni tambayoyinsu na addini ne da na ji-ta-ji-ta. Suna sallah? Suna wankan janaba? Ana cin yankansu? Jikokinmu za su san alƙibla? Ƙarƙashin waɗannan kuma akwai wani tsohon ƙazafi da ake kira "an kashe kyandir", wai a taron jem ana kashe fitila a yi lalata. Ƙarya ce tsagwaronta, ta samo asali tun zamanin Usmaniyya lokacin da Alebawa ke ibada a ɓoye cikin dare saboda tsoron hukuma. Amma ta yi tsawon rai: a 1995 wani mai gabatar da shiri a talabijin ya yi ba'a da ita, Alebawa suka yi dafifi a ƙofar tashar, shi kuma ya bar shirin. Maganin wannan ɓangaren gani ne, don gani ya kori ji. Jemebi na birni a buɗe suke ga baƙi. A Istanbul akwai Shahkulu Sultan da Karajaahmet a ɓangaren Asiya, a Ankara ma ba a rasa ba. Mahaifiyar yaron ta ƙi zuwa, amma ƙaninta ya je, ya dawo ya ce mata sunan Allah da Annabi (SAW) da Ali kawai ya yi ta ji, kuma kafin a fara sai da dede ya tambaya ko akwai masu gaba da juna a wurin, don ba a fara jem sai kowa ya yafe wa kowa. Wannan bai sa ta yarda da ibadarsu ba, har yau ba ta yarda ba. Amma ta daina maganar kyandir.

Gidan Alebawa kuwa, abu biyu ne. Na farko tsoro, kuma ba tsoron banza ba. A Disambar 1978 an kashe fiye da mutum 100 a Marash, yawancinsu Alebawa, bayan an yi wa gidaje alama. A 1980 aka yi na Corum, fiye da 50. Ranar Juma'a 2 ga Yulin 1993 taron jama'a ya cinna wa otal ɗin Madimak wuta a Sibas lokacin bikin tunawa da mawaƙinsu Pir Sultan Abdal, mutum 35 suka mutu a ciki, 33 daga cikinsu baƙin bikin ne, mawaƙa da marubuta da matasa masu sema. A Maris 1995 aka yi na unguwar Gazi. Mutanen Tunjeli kuma suna ɗauke da abin da sojoji suka yi a Dersim, tsohon sunan yankinsu, a 1937 da 1938. Mahaifin ƙawata, wanda nake kira Amja, wato baffa, ya ce mini wata rana muna shan shayi, "'Yata, ba yaron nake tsoro ba. Ranar da gari zai rikice, a wane ɓangaren ƙofa 'yata za ta kasance?" Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ango ɗan Sunni ya kiyayi cewa "ai ya wuce" ko "ba ni na yi ba". Sun san ba shi ya yi ba. So suke su ji ya san abin ya faru, ya kira shi zalunci ba tare da ya bi da "amma" ba. Yaron nan, ranar 2 ga Yuli ta zagayo ana cikin takaddamar, ya bugo wa Amja waya ya yi masa ta'aziyya da kalma biyu. Ni ban sa shi ba. Wannan wayar ta yi abin da zirga-zirgata ta wata uku ba ta yi ba.

Na biyu tsarin tafarkin ne da kansa, kuma shi baƙo bai cika ganinsa ba. A al'adar ƙauye ba a shiga Alebanci, haifar mutum ake yi a ciki. Kowane iyali yana ƙarƙashin wani ojak, wato zuriyar dede da suka gada kaka da kakanni. Magidanci da matarsa kan ƙulla 'yan'uwantakar lahira da wasu ma'aurata, abin da ake kira musahib, su ɗauki nauyin juna duniya da ƙiyama, har 'ya'yansu ba sa auren juna. Sau ɗaya a shekara, galibi da hunturu, dede kan zo a yi jem na bincike, kowa ya tsaya a tsakiyar fili a tambayi jama'a ko yana da haƙƙin wani. Wanda ya yi babban laifi a ce ya zama dushkun, faɗaɗɗe: ba gaisuwa, ba cin abinci tare, ba shiga jem, har wa'adin ya cika. Sakin mace ba dalili yana cikin laifukan, ƙara aure ma haka, kuma a wurare da yawa aurar da 'ya ga wanda ba ɗan tafarki ba yana ciki. Ka ga ke nan auren bare yana yanke mutum daga wannan saƙa gaba ɗaya, domin da wa za su yi musahib, kuma wane dede ne zai binciki mijin in ya zalunce ta? A birni yau da wuya a ayyana wani dushkun kan aure, amma tsofaffi da wannan ma'aunin suka girma.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne kirbe. A gabashin Anatoliya, mutumin da ya riƙe yaro ranar kaciya ya zama kirben gidan, ɗan'uwa na haƙiƙa, kuma sau da yawa Ba'alebe kan zaɓi ɗan Sunni, ɗan Sunni ya zaɓi Ba'alebe. Sai dai daga ranar aure ya haramta tsakanin gidajen biyu. Dabara ce ta mutanen da: a buɗe ƙofar zumunci har ƙarshe, a rufe ta aure da hannu ɗaya. In ka ji dattijo yana cewa "ai mu da su 'yan'uwa ne, kirbenmu ma ɗan Sunni ne", kada ka yi murna da wuri, wataƙila a'a yake ce maka cikin ladabi.

Ka kuma sani cewa duka ɓangarorin sun fi sauƙin karɓar 'ya a kan bayar da ita, don ana ganin mace gidan miji take bi, 'ya'ya kuma na uba ne. Saboda haka gidan amarya, ko wanne ne, shi ya fi buƙatar lokaci da lallashi. In gidan 'yan Sunnin ba masu tsananin ibada ba ne, irin na Izmir da ke zaɓen jam'iyya ɗaya da Alebawa, rabin wahalar nan ba za ta taso ba ma.

Ranar neman aure

Al'adar ɗaya ce a gidajen biyu, wannan rahama ce. Dangin ango su zo da furanni da cakulan a faranti, a zauna a yi ta hirar yanayi da hanya, yarinya ta kawo kofi, na ango an zuba masa gishiri, ya shanye ba tare da ya yamutsa fuska ba. Sannan babban cikinsu ya ce, "Da umarnin Allah, bisa faɗar Annabi, mun zo nema wa ɗanmu 'yarku." A gidajen Alebawa akan ƙara da ambaton Imam Ja'afar Sadik, a wasu gidajen 'yan Sunni kuma Imam Abu Hanifa. A daidaita wannan jimlar kafin ranar. Mu mun tsaya a kan Allah da Annabi, kowa ya samu abin da zai ce amin a kai, ko da yake mutanen ƙawata "Allah Allah" suke cewa a inda muke cewa amin.

Ka zaɓi 'yan rakiya da kyau. Duk dangi akwai mai wa'azi ba a tambaye shi ba, a bar shi a gida. A kuma gaya wa baƙi abin da za su gani a bango, don kada su yi turus: zanen Sayyidina Ali da takobinsa Zulfiƙar, hoton waliyyinsu Haji Bektash Wali, sau da yawa da na Ataturk a gefe, da saz a rataye. Ba a tambayar ina abin sallah yake. In lokaci ya yi, a nemi wuri cikin natsuwa, za a ba ka. Mahaifiyar ƙawata, Teyze, wato inna, tun zuwana na farko ta aro mini darduma wurin maƙwabciya, daga baya ta sayo tawa ta ajiye a saman kabad.

Abu mafi muhimmanci a ranar: a ci abin da aka kawo. Auren da na ce ya watse, a kan faranti ya watse. Uwar yaron ta tura nata gefe ta ce ta ƙoshi, ta ƙi ko shayi, alhali kowa a ɗakin ya san tsohuwar maganar nan ta cewa ba a cin abin hannun Ba'alebe. Uban yarinyar bai ce komai ba, ya raka su har mota, washegari ya aika cewa 'yarsa za ta ci gaba da karatu. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta bar shi ya ci ba, zamansa a gida ya fi alheri. In 'yan Sunni ne masu masaukin, kada a dafa zomo, Alebawa ba sa cin sa, kuma kada a riƙa cewa "ai ba ku yi kama da Alebawa ba" da sunan yabo.

Ɗaurin aure da biki

Doka ita ce mafi sauƙi. Tun dokar farar hula ta 1926, wadda aka ɗauko daga ta Suwizalan, auren da hukuma ta ɗaura kaɗai ne aure a Turkiyya, kuma ba ta tambayar mazhabar kowa. Katin shaida, takardar lafiya, hotuna, shaidu biyu, jami'in ƙaramar hukuma cikin jar alkyabba ya tambayi kowanne, a ce "Ebet", wato na yarda, a sa hannu, a miƙa wa amarya littafin iyali. Minti goma. Mace ɗaya doka ta yarda, kuma tun 2002 dukiyar da aka samu cikin aure ta biyu ce in ba a rubuta wani tsari ba. Daga 2017 an ba muftin lardi da na gunduma ikon ɗaura wannan auren na hukuma, amma ga irin waɗannan ma'aurata ban ba da shawarar ba. Mufti ma'aikacin Diyanet ne, hukumar addini da aka kafa a 1924, wadda ke biyan limamai albashi amma ba ta ɗauki jemebi a matsayin wurin ibada ba. Kai dangin amarya ofishinsa tamkar an ce musu an yanke hukuncin gidan da aka shiga. Ƙaramar hukuma ta kowa ce.

Na addini kuwa, bayan na hukuma ake yin sa. Wasu liman, wasu dede, wasu duka biyun a rana daban-daban, kowanne a gidan masu shi. Ƙawata duka biyun aka yi, liman a Konya da sadakinsa, dede a Ankara da neman yardar juna a gaban jama'a. A tambayi limamin da deden tun da wuri ko za su yi, don akwai masu ƙi a kowane ɓangare, kuma jin "ba zan yi ba" a gaban surukai ba daɗi.

Wajen sa rana a buɗe kalandar Hijira. Ba biki a kwana goma sha biyun farko na Muharram, makokin Karbala ne, ko aski wasu ba sa yi. Ba biki a Ramadan. Sai rigimar zaure: giya ko babu, maza da mata tare ko a rabe. Mu dai an yi zaure ɗaya ba giya a tebur, maza da mata a haɗe, bayan dattawan Konya sun tafi matasa suka ci gaba da nasu a wani wuri. Kada wanda ya ce a yi sema don nishaɗin baƙi, ibada ce, ba rawar biki ba. Layin liƙa wa amarya kwatar zinariya, mai nauyin giram 1.75, shi ne wurin da ban taɓa ganin an yi saɓanin mazhaba ba.

Bayan an watse

Tsugune ba ta ƙare ba. Abu huɗu ne ke dawo da rigima, kuma gara a gama maganarsu tun ana zumuɗin juna, a kuma gaya wa iyaye abin da aka yanke.

Sunan jariri shi ne na farko. Al'ada ce a mayar da sunan kaka, to in kakan Usman ne ko Umar ko Bekir, wato Abubakar, fa? Gidan Alebawa zai yi musu nauyi. Yabuz ya fi duka, domin Sarki Yabuz Selim, wanda ya yi yaƙin Caldiran a 1514, suna tuna shi da kisan kakanninsu, shi ya sa suka yi ta ƙorafi da aka sa wa gada ta uku ta mashigin Bosforus sunansa, wadda aka buɗe a 2016. Sa'ar ita ce sunayen da kowa ke so suna da yawa: Ali, Hasan, Husaini, Fatima, Zahra, Zainab. Ƙawata Zainab ta sa wa 'yarta, kowace kaka tana ganin ita aka yi wa kara.

Azumi bai kai yadda ake tsoro ba in an yarda ba mai tilasta wa wani. Tana tashi ta haɗa masa sahur, shi kuma a Muharram ba a kawo nama gidan, ba a ajiye tulun ruwa a tebur. Ashure, faten hatsi da busassun 'ya'yan itace da ake rabawa maƙwabta, duka gidajen suna yin sa. Matsalar takan zo daga waje, lokacin da surukai suka kawo ziyarar mako guda cikin Ramadan suka ga amarya tana karin kumallo. Nan aikin miji ne ya yi wa mahaifiyarsa magana, ba na matar ba. Wanda danginsa suka yi laifi shi ke tsawatar musu, wannan ƙa'idar ta hau kan su biyun.

Makaranta ba a hannunku take ba. Sashe na 24 na tsarin mulkin 1982 ya wajabta darasin addini, ana fara shi daga aji huɗu, kuma kan fahimtar Sunni aka gina yawancinsa. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ba wani uba Ba'alebe gaskiya a kan wannan a 2007, ta sake ba wasu Alebawa gaskiya a 2014, a 2016 kuma ta ce ana nuna wa Alebawa bambanci wajen hidimar addini. A 2022 gwamnati ta kafa wata hukuma ta kula da jemebi a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, ƙungiyoyin Alebawa da dama suka ƙi ta, suka ce su ba kayan al'ada ba ne. Ma'anar duk wannan a cikin gida ita ce yaro zai koyi ɓangaren Sunni ko ba a so, a makaranta da talabijin da lasifikar masallaci, na Alebawa kuwa sai an kai shi da gangan. In kun yi alkawarin yaro zai san duka biyun, to wanda yake ɗan Sunni ne zai riƙa tunawa da kai shi wurin kakanninsa ranar jem, ko garin Hajibektash a bikin watan Agusta. In kuma a ranka kana shirin a hankali za ka "gyara" ta, ko za ki "waye" da shi ya bar sallah, faɗi yanzu kowa ya san inda dare ya yi masa. Iyayen da suka ƙi tun farko wannan shirin suke zargi, kuma sau da yawa sun canka daidai.

Na huɗun ba mai son ɗaga shi: daga ina za a ɗauki gawa, masallaci ko jemebi? Na ji labarin dangi suna jayayya a ƙofar asibiti a kan haka, mamacin bai bar wasiyya ba. Kowanne ya faɗi nasa a gaban shaida daga dangin biyu.

Amja ya rasu shekara uku bayan bikin. Su ba sa cewa ya mutu, cewa suke ya tafi zuwa ga Haƙƙu. Daga jemebin unguwarsu aka ɗauke shi. Mahaifin angon ya taso daga Konya da asuba, mutumin da a farko ya rantse ba zai taka gidan ba. Ya tsaya a sahun baya da hularsa, hannu a harɗe, bai san me ake yi ba a yawancin abin. Da dede ya tambayi jama'a sau uku ko sun yafe wa mamacin haƙƙinsu, na ji muryarsa cikin masu amsawa. Aka kira azahar a masallacin da ke ƙasan layin, ya zame ya je ya yi, ya dawo daidai lokacin da za a ɗaga makara, ya sa kafaɗa. Teyze ta gan shi ta taga. Da yamma ta zuba masa abincin sadaka da hannunta, ya cinye, ya miƙa farantin a ƙara masa.